Gyaɗar Goggo Ba Ta da Sukari

A barandar asibiti aka faɗa wa Goggo maganar, a gaban jama'a, ga masu jinya suna wucewa da kwanukan abinci, ga wani tsoho a keken marasa lafiya ya baza kunne kamar shi aka gayyato. Babbar 'yar Yayanta ce ta faɗa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, kuma da muryar aji ta faɗe ta.

"Goggo, ba faɗa ba ne. Gaskiya kawai muke so. Sukari nawa kike zubawa a gyaɗar nan?"

Goggo ta ɗauka kunnenta ne ya soma yi mata ƙarya. Ta dubi Malama, ta dubi ƙanin Malama, Direba, wanda ya jingina da bango yana wasa da makullin mota, ta dubi Auta da ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Babu wanda ya ce wa Malama ta yi shiru. A cikin ɗakin da suke tsaye a ƙofarsa, ubansu, Yayan Goggo, na kwance an cire masa 'yan yatsu biyu na ƙafar hagu, don ciwon sukarinsa ya hau ya ƙi sauka, har wani ɗan ciwo da bai kai a kula shi ba ya nemi cinye ƙafar.

"Ni kike tambaya?" in ji Goggo.

"Likita ya ce 'yar kwalbar da kike kawo masa ba za ta yi wannan ɓarnar ba," Malama ta ce. "Mu kuma mun san Baba ba ya cin wani abu mai zaƙi sai ita. In da zuma ce zalla, ai zuma magani ce. Sai dai in an haɗa ta da wani abu."

Direba ya gyara murya, ya sa baki wai shi mai sulhu. "Goggo, kowa ya san zuma ta yi tsada yanzu. Babu wanda zai ga laifinki in kin ɗan ƙara mata auki."

Wannan ta fi ta Malama zafi. Yaron da ta yi wa wanka a baho, ta goya shi har bayanta ya sage, yau shi ne yake yafe mata ha'inci da bakinsa. Da ba asibiti ba ne, da ta nuna musu cewa tsufa bai taɓa mata harshe ba. Ta yi tsaki, ta gyara mayafi, ta juya. Tana tafiya ta jiyo Malama a bayanta tana cewa, daga yau dai kada a sake kawo wa Baba komai daga kicin ɗin kowa.

Kowa dai ita ce, ai babu wani mai kawo masa girki in ba ita ba.

Asalin gyaɗar nan kuwa tausayi ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona mata rai. Yaya tsohon kafinta ne, mutum mai haƙuri da komai banda rashin zaƙi. Tun suna yara shi ne mai lashe murfin gwangwanin madara. Da matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gidansa, sai ya zama daga shi sai rediyo sai kofin shayi wanda cokali ke iya tsayawa a ciki saboda sukari. Ranar da likita ya hana shi shan sukari, Goggo ce ta raka shi, kuma ta ga yadda dattijo mai furfura ya yi narai-narai da ido kamar an ƙwace masa abin wasa. Ita ta tambayi likita ko zuma fa. Likita ya ce zuma ma 'yar'uwar sukari ce, kada a ruɗi kai, amma 'yan ƙwayoyin gyaɗa da aka shafa wa zuma sama-sama, bayan abinci, ba za su yi komai ba. Goggo ta riƙe wannan magana da hannu biyu.

Ba ta taɓa yin aikin nan da ganganci ba. Duk ƙarshen mako za ta zauna ta tsince ɗanyar gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da mai baƙin ciki da wadda ta yamutse. Ta soya ta a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, tana juyawa har ƙamshi ya tashi, ta juye a tire ta murje ɓawon da tafin hannu ta hure. Sannan ta zuba zuma a kasko da ɗan ruwa da ɗan gishiri. A nan ne aikin yake, don zuma ba ta da haƙurin sukari, kana juya baya ta yi ƙauri ta koma ɗaci. Goggo ba ta amsa sallama in zuma na kan wuta, ko waya ba ta ɗauka. Tana tsaye da cokalin katako har kumfar ta yi ƙanana ta yi kauri, ta ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi tauri to ta yi. Sai ta juye gyaɗar ta yi ta juyawa da sauri, ta baza a tiren da ta shafa wa mai, ta bi da cokula biyu tana raba ƙwayoyin kafin su manne. Ba ta zubawa a kwalba sai ta huce sarai, in ba haka ba gobe sai dai a tarar da curi mai danƙo.

Na Yaya takan fara yi, da zumar da ba ta wuce ta ba gyaɗa sheƙi ba, ta zuba a 'yar ƙaramar kwalba. Da abin ya tsaya nan, da babu labari. Amma yara suka ɗanɗana suka ce su ma suna so, Goggo kuwa ba ta iya jin an yaba mata ta zauna. Sai ta ƙara da manyan kwalabe uku, su kuma da zuma har ta yi musu riga. Ta Malama da citta, don ta ce tana son yaji-yaji, a ɗaura mata jan zare a wuyan kwalba. Ta Direba da ƙarin gishiri, koren zare. Ta Auta da yazawa a ciki da kirfa, zare ruwan ɗorawa. Duk mako sukan biyo su karɓa, su yi ta zuba godiya. Abu ɗaya ne ke haɗa ta da su, ba sa dawo da kwalba. Har maƙwabta ta bi tana roƙon kwalaben da suka gama da su.

Kuma duk wanda ya karɓa sai ta faɗa masa, da ɗan ɗaga kai, "Gyaɗata ba ta da ƙwayar sukari. Zuma ce zalla." Ta faɗe ta har maigidanta kan riga ta ƙarasawa.

Da ta dawo daga asibiti ranar nan, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce kicin. Maigidanta, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ya ajiye aiki bai ajiye tsokana ba, ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Ya same ta tana fito da kaya daga kabad tana dire su a kan tebur, ga galan ɗin zuma, ga gishiri, ga citta.

"Tashi za mu yi?" ya tambaya.

"Duba min nan. Ka ga sukari?"

"Ni dai rabona da ganin sukari a gidan nan tun kafin a canja mana ƙofa. Shayina ma sai na rufe ido nake sha."

Ta ba shi labari tana yi tana huci. Ya saurara, ya daina murmushi da ya ji maganar Direba, sannan ya ce yara ne, tsoro ne ya kama su, in hankalinsu ya kwanta za su zo su ba ta haƙuri.

"Yara? Malama jika ta kusa yi. Ni za a tsayar a gaban mutane a tambaye ni kamar wadda aka kama da kayan sata? Ɗan'uwana, ciki ɗaya, shi zan cuta saboda kuɗin zuma? Ko mai zumar nan sai da na canja sau biyu don na ji tasa ta yi ruwa."

"To ki ci abinci tukuna."

"Ba na ci."

Haka ta kwana biyu tana cika tana batsewa. Abin takaici, magana ta riga ta fita. Wata 'yar'uwarsu ta nesa ta bugo waya wai tana jaje, amma a ƙarshe ta ce ai kuskure kowa na yi, Allah ya kiyaye gaba. Maƙwabciyar da ke ba ta kwalabe ta gaishe ta a kan hanya da wata irin murya mai taushi, irin wadda ake gaida mai laifin da ake jin kunyarsa. Goggo ta shekara sittin da 'yan kai tana tattalin sunanta, ba ta taɓa cin amanar ko allura ba, sai ga shi an shafa mata baƙin jini da bakin 'ya'yan da ta rena.

Ana gobe za a sallami Yaya, Auta ta bugo mata waya, murya ƙasa-ƙasa. Wai Malama ta ce ko Goggo za ta taimaka ta je ta gyara ɗakin Baba, tunda su duk suna wurin aiki. Goggo ta dubi wayar a hannunta. Wato girkinta guba ne, amma tsintsiyarta halal ce. Ta buɗe baki za ta ce a je a nemi mai shara, sai ta tuna Yaya ne zai kwanta a ɗakin, ta ce to.

Gidan Yaya ƙarami ne, ɗaki da falo, kuma komai na ciki shi ya ƙera da hannunsa. Ta buɗe tagogi, ta kakkaɓe katifa, ta canja zanen gado. Da ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado sai ta ji ta bugi tsohon akwatin kayan aikinsa, wanda yake ajiye zarto da guduma. Ta jawo shi don ta share bayansa, ta ji yana ƙara kamar gilashi. Ta ɗaga murfin.

Babu zarto a ciki, babu guduma. Kwalabe ne, manya, a jere, an wanke su tas an kife, irin jerin mutumin da ya yi rayuwarsa da ma'auni. Ga jan zare a wuyan wasu, ga kore, ga ruwan ɗorawa. Ta leƙa ƙarƙashin gadon, akwai wani kwali, shi ma cike. A cikin kabad bayan rigunansa akwai guda uku da ba a gama cinyewa ba.

Goggo ta zauna a ƙasa daɓas. Da farko ma ba ta gane ba, sai da ta ɗauki mai jan zare ta buɗe ta ji sauran ƙamshin citta a murfin. Wato duk makon Allah, ita tana can tana auna wa Yaya zuma da bakin cokali, su kuma suna karɓar nasu su zagayo ta bayan gida su juye masa. Wato cittar da take dakawa, da yazawar da take zagaye kasuwa tana nema, ba su suke ci ba. Amma Malama ta iya ce mata, "Goggo, cittar wannan makon ta fi ta wancan." Ashe a bakin ubanta ta ji. Goggo ta yi wata dariya marar daɗi ita kaɗai a ɗaki, sannan hawaye suka zo mata, na haushi zalla.

Ta mayar da komai yadda ta same shi, ta kulle gidan, ta tari mota zuwa asibiti. Ta yi sa'a babu kowa a wurinsa. Yaya na kwance, ƙafar a naɗe da farin bandeji a kan matashi, ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma.

"'Yar ƙanwata," ya ce, da murmushi. "Na ɗauka kin yi fushi da ni."

"Yaya, ina zartonka?"

Murmushin ya tafi. Ya dubi silin, ya daɗe yana kallonsa kamar an ba shi aikin gyara shi.

"Kin shiga ƙarƙashin gado ke nan."

"Aike na aka yi in yi shara. Yaya, kana kwance a nan, ƙofa a buɗe, ka ji abin da 'yarka ta ce min. Ka ji abin da ɗanka ya ce. Ka yi shiru."

"Na ji."

"Ka ji. To madalla."

Ya nuna mata kujera, ta ƙi zama. Sai ya soma magana a hankali. Ya ce Auta ce ta fara. Ta zo ta ga 'yar kwalbarsa ta ce wannan ai rowa ce, Goggo ta cika tsanani, ta ajiye masa tata ta ce kada ya faɗa wa kowa, ai zuma ce, Goggo da bakinta ta ce babu sukari. Bayan nan Direba ya zo da tasa, shi ma da kada a faɗa wa kowa. Malama ce ta ƙarshe, ita har rufe ƙofa ta yi. Kowannensu yana ganin shi kaɗai ne mai tausayin Baba, babu wanda ya san da na ɗan'uwansa.

"Kai kuma ka san abin da likita ya ce. A gabanka ya faɗa."

"Na sani."

"To me ya sa ka karɓa? Kwaɗayi har ya kai ka ba da yatsunka?"

"Da kwaɗayi," ya ce, bai musa ba. "Amma ba shi kaɗai ba. Kin san tun da uwarsu ta rasu, zuwansu nawa? Sai dai waya. Baba ya jiki, Baba kana buƙatar wani abu. Da gyaɗar nan ta zo, sai ga su duk mako. Mai kawo abin ɓoye ba ya miƙawa daga bakin ƙofa, dole ya shigo ya zauna. Direba har kwanciya yake yi a kujerar falo yana ba ni labarin hanya. Malama takan cire takalmi ta naɗe ƙafa, mu buɗe kwalba, in ci tana kallona tana dariya. In na ce ba na so, me zai sake kawo su?"

Goggo ta ji tausayi ya taɓa ta, kuma ta ji haushin tausayin, don ba shi ta zo ji ba.

"Duk na ji. Yanzu sai ka kira su ka faɗa musu."

"Shi ne roƙon da zan yi miki. Ki bar maganar."

"In bar me?"

"Yanzu kowannensu yana lallashin kansa cewa tasa kwalba ɗaya ba za ta yi wannan ba. Ranar da suka ga duka a jere, suka gane su suka yi, na san 'ya'yana. Kunya gare su kamar uwarsu. Ba za su iya kallon ƙafar nan ba. Ba za su zo ba."

"Ni kuma fa? Ni ba ni da kunya? Ana nuna ni a unguwa, Yaya. An ce na cuci ɗan'uwana don in rage kuɗin zuma."

Ya miƙo hannu ya kama gefen mayafinta kamar yadda yake yi tun tana ƙarama in zai tsallakar da ita titi.

"Ke ƙanwata ce. Ko me aka ce miki, gobe za ki zo. Su ban da tabbas."

Ya faɗe ta ne a matsayin yabo, ta san haka. Amma duk hanyar gida tana juya maganar, kuma duk juyin da ta yi mata sai ta ƙara ɗaci. Wato don ba ta guduwa, shi ya sa ita ce za a ɗora wa kaya. Ta faɗa wa maigidanta komai. A karon farko bai sami abin tsokana ba, ya ce dai ta yi abin da za ta iya kwana da shi. Ta ce za ta yi shiru, saboda Yaya. Ta faɗa da ƙarfi har sau biyu, don ita kanta ba ta gama yarda ba.

Washegari aka dawo da Yaya gida. Falo ya cika da 'yan dubiya, ga mijin Malama, ga matar Direba, ga maƙwabta, ga tsofaffin abokan aikinsa biyu. Goggo ta zo hannu rabbana, ba ta kawo ko ɓawon gyaɗa ba. Ta sami gefe ta zauna. Ta ji Malama na bayyana wa baƙi sabuwar doka, cewa ita za ta riƙa aiko da abincin Baba daga gidanta, don an ga illar sakaci. Goggo ta haɗiye. Ta ji wata maƙwabciya ta ce ai abin da ake yi a gida ma yanzu sai a hankali. Ta haɗiye wannan ma, har tana yaba wa kanta.

Sai Yaya ya yi tari ya ce a ba shi ruwa. Goggo ce kusa da kicin, ta tashi ta ɗauraye kofi ta cika ta kawo masa. Ya miƙa hannu ke nan, Malama ta riga shi. Ta karɓi kofin, ta kai hanci, ta kurɓa kaɗan, ta ɗan motsa baki tana ɗanɗanawa, sannan ta miƙa wa ubanta. Falon gaba ɗaya ya gani.

"Ya yi?" Goggo ta tambaya, murya a kwance. "Ko in ƙaro miki sukari?"

"Goggo, kiyayewa ce kawai."

Yaya ya ɗago ido ya dube ta. Ta ga roƙon da ke cikin idon sarai, ba za ta taɓa cewa ba ta gani ba. Ta juya ta shiga ɗaki. Aka jiyo ƙarar jan akwati a kan siminti. Ta fito da shi tana ja da baya-baya, ta koma ta ɗauko kwalin, ta buɗe su a tsakiyar falo. Ta riƙa fito da kwalabe tana jerawa a kan teburin da Yaya ya ƙera, ja a gefe, kore a gefe, ruwan ɗorawa a gefe, har tebur ya cika ta koma jerawa a ƙasa.

"Malama, ke ce mai ilimi, zo ki karanta mana. Jan zaren nan na wa ne? Direba, ga naka masu gishiri, tunda zuma ta yi tsada. Auta, ɗago kanki, ga yazawarki. A ƙarƙashin gadon ubanku na same su. Ni 'yar wannan nake kawo masa," ta ɗaga ƙaramar kwalbar da ba ta fi tafin hannu ba, "kuma ita likita ya yarda da ita. Na ce muku babu sukari, ban ce muku ku ɗura masa kamar ana kiwon rago ba. Yanzu wa zai ɗanɗana wa wa ruwa?"

Malama ta dubi jajayen, sannan ta dubi korayen, ta juya ta kalli ƙaninta, bakinta a buɗe. Direba ya dubi Auta. A fuskokinsu Goggo ta ga lokacin da kowannensu ya haɗa lissafin, ya gane ba shi kaɗai ba ne, sannan idanunsu duka suka sauka a kan farin bandejin. Auta ta fashe da kuka ta fita da gudu. Direba ya ajiye makullinsa, ya ɗauka, ya ce bari ya gyara tsayuwar mota, ya fita bai dawo ba. Baƙi suka soma tuna cewa suna da uzuri. Malama ce ta tsaya ƙarshe. Ta durƙusa a gaban Goggo, a gaban sauran mutanen da suka rage, ta ce, "Goggo, na zalunce ki. Ki yafe min." Ta juya wajen ubanta za ta yi magana, idonta ya sake faɗawa kan ƙafar, sai ta rufe baki da mayafi ta fita.

Goggo ta sami abin da take so, cif. Kafin mako ya zagayo labari ya gama dangi, 'yar'uwar nan ta nesa ta sake bugowa tana cewa ita dama ba ta taɓa yarda ba. Maƙwabciya ta dawo da gaisuwarta ta da. Sunan Goggo ya fita tas, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ba ta yi nadama ba, ƙarya aka yi mata ta wanke kanta, ko yau aka sake haka za ta yi.

Yaran ba su yi watsi da ubansu ba, kada a yi musu sharri. Abinci na zuwa daga gidan Malama a kan lokaci, a hannun ɗan aike. Direba ya aiko da sandar dogarawa mai kyau. Auta na bugo waya, ta gaishe shi da sauri, ta ce ana kiranta. Kowa na da aiki, kowa zai shigo in ya sami sarari. Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta wanke su da faɗa, ta ce wace irin kunya ce za ta hana ɗa ganin ubansa. Suka ce to Goggo, in sha Allahu, kuma ba su zo ba.

Yaya bai taɓa yi mata maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya yi mata faɗa ma da ta fi so, don tana da amsoshi a shirye. Ya sa an juya masa kujerarsa ta fuskanci ƙofa, wai ya fi shan iska a nan. Kullum da yamma Goggo takan zo ta wanke masa ciwon ta canja bandeji.

Ran nan ta iso, ta taɓa ƙofar, tun kafin ta yi sallama ta hango shi ta labule ya yunƙura ya gyara zama, ya shafa gemu, fuskarsa ta washe. Ta ɗaga labulen ta shiga. Ya ga ita ce, ya koma ya jingina.

"Ni ce dai," in ji Goggo. "Sai ka yi haƙuri."

"Sannu da zuwa," ya ce, idonsa na kan ƙofar.

Ta ajiye jakarta, ta jawo baho, ta durƙusa ta soma kwance bandejin.